Zoben da Kawu Famfo Ya Zaɓa

Ƙanin mahaifiyata ba ya bambance ja da kore. Haka aka haife shi, kuma ba a gane ba sai da ya shiga makaranta. Wata rana malamin zane ya ce kowa ya zana bishiya, shi kuwa ya shafe ganyen da ja, ya kai wa malam yana murna. Malam ya ɗauka rainin wayo ne, ya kore shi waje. Da ya dawo gida yana kuka, Mama, wadda ita ce babbar yayarsa, ta zube fensiran launi a kan tebur ta ce ya ware mata jajayen. Ya tsaya ya duba da kyau, ya haɗa ja da kore da ruwan ƙasa wuri ɗaya, ya tura mata. Daga ranar ta zama idonsa. Ita ke zaɓar masa riga, ita ke gaya masa ko ayaba ta nuna, kuma ko da ya yi gemu ba ta daina ba.

Da ya gama makaranta sai aka kai shi koyon aikin lantarki. Bai daɗe ba. Ya haɗa wayar da ba ita ba, wuta ta yi jifa da shi daga kan tsani, maigidansa ya riƙo hannunsa har gida ya ce a nema masa wata sana'ar tun yana da rai. Haka ya koma gyaran famfo, kuma a nan ya zauna. Yakan ce ruwa ne abokin tafiyarsa, tunda shi ma ba ruwansa da launi. Mu 'ya'yan yayyensa da ƙannensa muka tashi muna kiransa Kawu Famfo, har sunan ya bi shi cikin unguwa.

Mutum ne marar yawan magana. In aka kira shi gidan da bango ke tsattsafo da ruwa, ba ya fara da fasa komai. Sai ya ɗauki doguwar sukundireba, ya kafa bakinta a jikin bangon, ya ɗora kunnensa a kan mariƙin, ya yi ta matsawa a hankali har ya ji inda ruwan ke tsiyaya. Masu gida sukan tsaya suna kallonsa kamar likita. Ɗakuna biyu gare shi a saman wani shagon sayar da katifa, kuma a ƙarƙashin gadonsa akwai akwatunan ƙarfe cike da kawunan famfo da ya ce wata rana za su yi amfani.

Ya yi aure da ƙuruciya. Matarsa tela ce, muna ce mata Anti Tela, mace mai fara'a da son tsokana. Ita ta ƙirƙiro masa dabarar ƙulli: rigar da ke da ƙullin zare ɗaya a cikin wuya tana tafiya da wando mai ƙulli ɗaya, mai biyu da mai biyu. Allah bai ba su haihuwa ba. Ta yi doguwar jinya, shi ya yi ta ɗawainiya da ita har ta rasu. Bayan nan ya yi shekaru shi kaɗai. Mama ta gaji da kawo masa maganar mata, domin duk wadda aka ambata sai ya ce, "To, Yaya, Allah ya ba ta miji nagari," ya ɗauki jakar aikinsa ya fita.

Furfura ta riga ta cinye rabin kansa lokacin da aka kira shi wani shagon fenti. Ruwa ne ke ɗiga daga silin kan gwangwanaye. Mai shagon mace ce da mijinta ya rasu, ɗanta ɗaya ya girma yana aiki a nesa. Ita da kanta take haɗa launi, tana ɗiga wannan a kan wancan, ta sa gwangwanin a injin da ke girgiza shi. Kawu ya gano bututun ya gyara. Da zai tafi sai ta miƙo masa katin launi biyu, ta ce tunda silin ɗin ya ɓaci za ta sake shafe shagon, wanne ya fi a ganinsa?

Ya duba ya ce, "Hajiya, ni duka biyun abu ɗaya nake gani. Idona ba ya raba su."

Duk wanda ya ji wannan magana, abin da yake fara yi shi ne ya ɗauko wani abu ya ce, to wannan wane launi ne? Kawu ya sha wannan jarrabawar tun yana yaro. Ita ba ta yi ba. Ta ajiye katin ta ce, "To wanne kake gani sosai?"

Ya ce shuɗi da rawaya.

Ta ce, "Ai kuwa ka samu masu kyaun."

Daga nan bututun shagon fenti ya zama mai yawan buƙatar dubawa. Mu muka sa mata suna Anti Fenti tun kafin a yi maganar komai, ita ma da ta ji sai ta yi dariya ta ce ta karɓa.

Wata safiyar hutu Kawu ya zo gidanmu, ya zauna a kujerar kicin yana juya kofin shayi, ya ce yana so ya yi wa Anti Fenti zoben alkawari. Ba na kanti da aka riga aka ƙera ba. Ta taɓa ce masa zobe mai farin dutse guda ɗaya yana yi mata kama da ƙwan fitila a ɗakin da ba kaya, ita ta fi son ƙananan duwatsu masu launi a tare wuri ɗaya. Mama ta ajiye cokali, ta goge hannu, ta ce in ɗauko makullin mota. Ni ce direbansu, domin ranar ba na aiki a asibiti.

Shagon maƙerin zinarin siriri ne, da kantar gilashi a gaba, can ciki kuma teburin aikinsa da fitila mai lanƙwasa da ƙananan hantsuka a jere. Maƙerin dattijo ne, da tabarau mai ƙara girma rataye a goshinsa. Ya saurari abin da ake so, sannan ya tambayi wane aiki matar take yi.

Kawu ya ce, "Fenti take haɗawa. Tana ɗaga gwangwanaye, tana wanke hannu da mai."

Maƙerin ya ce, "To sai a kwantar da duwatsun ƙasa, kada su yi tsini su riƙa kama abu. Kuma masu tauri za mu ɗauka, masu taushi ba za su jure ba. Guda ɗaya a tsakiya ya ɗan fi girma, sauran su kewaye shi. Ana iya jera su daidai kamar fure, ana iya barinsu manya da ƙanana a cakuɗe. Kun san girman yatsan?"

Kawu ya laluba aljihu ya fito da wani baƙin zoben roba, irin wanda ake sa wa famfo don kada ya yi yoyo. Ya ce ta taɓa zura shi a yatsa da wasa, ya kuma zauna mata daram. Maƙerin ya karɓa, ya zura shi a sandar awo, ya duba. Sai da ya juya baya na ga kafaɗunsa suna rawa don dariya.

Ya shimfiɗa wani ƙyalle mai ruwan toka, ya fara buɗe ƙananan ƙunshin takarda yana zuba duwatsun. Mama ta gyara tsayuwa. Nan da nan ta jawo wani ja ta sa a tsakiya, ta kewaye shi da koraye da 'yan ruwan hoda. Gaskiya ya yi kyau. Ta ce, "Shi ke nan, wannan za a yi."

Maƙerin ya dubi Kawu ya ce, "Malam, kai fa? Ya ka gani?"

Mama ta ce, "Ai shi ba ya gani, ni ce nake zaɓar masa."

Kawu ya ce, "Yaya, ki bari tukuna."

Bai ɗaga murya ba, amma ban taɓa jin ya faɗa mata haka ba. Mama ta juyo ta dube shi.

Ya ce, "Tun ina yaro ake ce min kayana sun yi kyau, in ce to. Ban taɓa musu ba, kuma na gode. Amma wannan a hannunta zai zauna, kullum da safe zan gan shi. Abin da kika jera ɗin nan, ni tsakuwa nake gani. Ina so in ga abin da na ba ta."

Mama ta ɗauki jakarta ta koma kan kujerar da ke bakin ƙofa ta zauna. Ta ce, "To bismillah. Zobenka ne." Ta fito da wayarta tana dubawa, alhali na san ba abin da take karantawa.

Maƙerin ya kwashe na farkon, ya zubo shuɗɗa da rawaya. Fuskar Kawu ta canza. Ya sunkuya, ya karɓi hantsaki. Ya ɗauki wani shuɗi mai duhu ya kai bakin ƙofa ya ɗaga shi a hasken rana, ya dawo da shi ya ɗauki wani. Ya daɗe yana wannan kai da kawowa, yana wuce Mama, ita kuma tana janye ƙafa ba ta ɗago ba. A ƙarshe ya sa shuɗi mai zurfi a tsakiya, ya zagaye shi da ƙanana, wasu shuɗi mai haske, wasu rawaya kamar zuma. Ya ce kada a jera su daidai, a bar su yadda suka faɗa.

Maƙerin ya nuna ɗaya da bakin hantsaki ya ce, "Wannan fa shunayya ne, ba shuɗi ba. Ka sani?"

Kawu ya yi 'yar dariya. Ya waiwaya ya ce, "Yaya, don Allah zo ki duba min, kada in kwashi baƙi ban sani ba."

Mama ta ɗan ja aji, ta gama abin da take yi a waya, sannan ta taso. Ta sa tabarau ta duba. Ta ce shunayyan ya fita, bai dace ba, sauran kuwa ba laifi. Daga Mama, "ba laifi" yabo ne babba. Sai ta tsaya tana kallon ƙyallen, ta ce da murya ƙasa-ƙasa, "Ka san mayafin nan da take yawan sawa? Wanda ta zo da shi gaishe ni?"

Ya ce, "Mai ruwan ƙasan nan?"

"Ja ne. Jakarta ma ja ce. Ƙofar shagon nata ja ce. Matar nan ja take so, shi ya sa na ɗauko shi, ba don in yi maka iko ba."

Kawu ya ajiye hantsakin. Ni dai na ga kamar yana bin shagon nata a ransa, yana sake duba duk abin da ya ɗauka ya sani. Daga baya ya tambayi maƙerin ko akwai wurin ƙarin dutse ɗaya a gurbin wanda aka cire. Maƙerin ya ce akwai.

Ya ce, "To Yaya, zaɓar mata ja ɗaya. Mai kyau. Wannan ni ba zan iya ba."

Mama ta zaɓa, kuma ta fi shi daɗewa.

Bayan 'yan makonni zoben ya fito. Kawu bai shirya wani biki ba. Da safe ya je shagon Anti Fenti da kayan aikinsa a kafaɗa, ya tarar tana haɗa wa wani mutum fenti, ya jira har mutumin ya tafi, sannan ya ajiye ƙaramin akwatin a kan kanta. Ita ta ba mu labarin daga baya. Ta ce da ta buɗe sai ta rufe, ta je ta wanke hannu sau biyu, ta dawo ta sake buɗewa. Ta kalli shuɗɗan da rawayan ta gane wanda ya zaɓe su. Sai ta ga jan a gefe.

Ta ce, "Wannan fa?"

Ya ce, "Yaya ce. Ni ɗan duhu nake gani a wurin. An ce naki ne."

Ta zura shi, ya shiga daidai. Ta ce masa ya zauna ta dafa shayi, ya ce ana jiransa a wani gida, ruwa ya cika musu banɗaki. Ta ce to ya je ya dawo. Ya je ya dawo.

Sun yi aure ba da hayaniya ba. Ya bar ɗakunan saman shagon katifa, amma akwatunan kawunan famfo sun bi shi, bayan doguwar muhawara da ta ƙare da ba su wuri a bayan gida. Yanzu gwiwa ta fara damunsa, ba ya karɓar aikin da ke buƙatar durƙuso mai tsawo, sai ya tura wa wasu. Da yamma yakan je shagon ya taya ta sauke gwangwanaye. Ita kuwa ba ta cire zoben ko a wurin aiki, don haka fenti ke maƙalewa tsakanin duwatsun.

Kwanakin baya na kai musu ziyara, na tarar da shi a kicin da kofin ruwan ɗumi da sabulu da tsohon buroshin haƙori mai laushi, yana wanke zoben dutse bayan dutse. Anti Fenti na zaune tana jira da yatsa a miƙe, tana ba ni labarin wani mai gida da ya sa ta haɗa masa launi har sau huɗu, ƙarshe ya ce fari yake so. A bayansu famfon kicin yana ta ɗiga cikin roba.

Na ce, "Kawu, famfon nan fa?"

Anti Fenti ta ce, "Tambaye shi dai. Tun watan jiya nake neman mai gyara."

Kawu bai ɗago ba. Ya ce yana sane, yana da kan da zai dace da shi a cikin akwati, sai dai bai tuna wanne akwatin ba ne.