Dokin Da Na Tayar

Ranar da Baffa, ƙanen babanmu, ya shigo da dokin nan gidanmu a Daura, kajin gidan ma sai da suka tsaya kallo. Haƙarƙarinsa a waje, kana iya shanya wanki a kai. In iska ta kaɗa, sai na riƙe turken don kada ta tafi da su biyun.

"Baffa, wannan doki ne ko tsani?"

"Bakinka ya fi ka girma," in ji shi. "In ka tayar da shi, naka ne."

A gaban Inna ya faɗa, tana tankaɗe. Har ta ɗago kai ta dube shi.

Daga nan na zama ma'aikacin cikin doki. Farkon zuwansa na tula masa gero, ya wuni yana birgima da ciwon ciki, ni ma na wuni ina birgima da Baffa a kaina. Sai na koyi ba shi kaɗan-kaɗan. Dawa sai na rairaye ta, don tsakuwa ɗaya tana iya sa ya yi fushi da kwanon. Dusa kuma a jiƙe, da 'yar kanwa. Harawar wake har Sandamu nake zuwa nemowa a keke, in dawo ba a ganin komai sai harawa mai ƙafafu biyu. In ya dawo kilisa yana gumi, ba ruwa sai ya huce, ko da zai yi mini kallon azzalumi. Kashinsa kuwa na san shi fiye da darasin lissafi. Yayata ta riƙa kirana likitan kashin doki, har 'yan ajinmu suka ɗauka.

Kafin damina ta fita, gashinsa ya kwanta yana ƙyalli, Inna na iya duba fuskarta a jikinsa ta shafa kwalli. In ya ji takuna sai ya yi haniniya. Na riga na gaya wa duk unguwa, har masu ɗiban ruwa a Kusugu, cewa a kansa zan raka abokin yayanmu hawan angwanci.

Wata Laraba na dawo makaranta, na tarar da turke ba doki. A wurinsa babur ne ja, an ɗaure masa leda a kujera. Baffa na goge shi da tsumma.

"Baffa, ina dokina?"

"Wani mutumin Mashi ya gani ya yaba, muka yi musaya. Ya ce bai taɓa ganin kiwo irin nawa ba."

"Irin naku?"

"To, gidan wa ya ci?"

"Kun ce nawa ne. Inna na nan."

"Na ce naka ne ka kula da shi. Zo in ɗana ka."

Ban hau ba. Dusar da na jiƙa da safe tana nan a kwano, na tura wa awaki. Tuwon da Inna ke zuba wa Baffa kuwa ya yi kwanaki yana zuwa da gudaji.

Satin jiya ya sake jawo wani dokin, wanda ya fi na farko kama da tsani.

"Ɗana, in ka tayar da wannan..."

Na wuce ɗaki, na rantse ko ƙaiƙayi ba zan ba dokin ba. Sai na hango Baffa ta taga yana tula masa busasshen gero cike da kwano. Na fito na ƙwace kwanon. Har yau ba na gaishe shi da fara'a, kuma babur ɗin nan ban taɓa hawansa ba.