Dawar Baba a Cikin Silin

Ƙanena ne ya aiko da abin daga Abuja cikin kwali: fankar banɗaki mai zuƙe tururi, haɗe da hita. Shi ya yi karatu, shi ya gina wa Mama gida a Zuru bayan zama ya gagara a ƙauyenmu na wajen Bena. Ni a aji uku na sakandare na tsaya, na koyi aikin wuta. Don haka shi aike, ni hawa tsani.

Ya kira ni ya ce, "Yaya, a saman shawa za ka sa mata, ƙafafunta ba sa son sanyi. Ka karanta takardar ciki fa."

Na ce, "Tun kana tsotson yatsa nake riƙe waya."

Na buɗe takardar, na ga Turanci ƙanana kamar tururuwa, na mayar cikin kwali.

Wajen wuta kam ban yi wasa ba, don ruwa da lantarki ba sa ga maciji. Na ja wa fankar waya mai kauri ita kaɗai, na sa makunni a waje, kada Mama ta taɓa da jiƙaƙƙen hannu. Na yanke silin daidai, na ɗaure ta a katako. Saura bututun da zai kai tururi waje. Sai an huda kwanon rufi, kwanon kuma sabo. Na san in ya yi yoyo da damina, har jikokina sai sun sha gori. Sai na bar bakin fankar yana hurawa cikin silin. Iska ce, in ji ni, za ta nemi hanyarta.

Na manta da abin da ni da hannuna na ajiye a can. Ranar da muka baro ƙauye, Mama ba ta ɗauki tukunya ba, sai ɗan damin dawa, irin da marigayi Baba ya gada, ja, mai jure ƙasar tsakuwa. A gida saman murhu ake rataye iri, hayaƙi ya kore ƙwari. Sabon gida ba murhu a ɗaki, ba rumbu. Ta ce in sa mata a sama inda ya fi bushewa. Na tura shi cikin silin, dab da banɗaki.

Mama ba ta taɓa yarda da shawa ba. Ruwa take tafasawa, ta zauna a 'yar kujerarta da bokiti, tururi ya cika wurin. Duk watannin sanyi, in an kawo wuta, fankar tana kwasar tururin nan tana kai wa dawar.

Da ruwan farko ya sauka ta ce, "Kai, sauko min da irin ubanka, zan shuka a bayan gidan nan."

Tun ina kan tsani warin ya gaya min. Damin ya yi baƙi, funfuna ta rufe shi, ya yi laushi kamar dusa jiƙaƙƙa. Ta shimfiɗa zane a tsakar gida, ta yini tana tsince ƙwayoyin da ta ga da sauran ja. Ba su cika tafin hannu ba. Ta naɗe su a jiƙaƙƙen tsumma ta jira mako guda. Ko ɗaya bai tsira ba.

Na ce, "Mama, ni ne. Ban fitar da bututun waje ba."

Da ta zage ni da na ji sauƙi. Cewa ta yi, "To, ai ruwan wankana ne."

Ran kasuwa na sayo mata iri mudu guda. Ta murza a hannu ta ce, "Wannan dawar ba ta san mu ba." Kaji suka cinye.

Washegari na hau na huda kwanon, na fitar da bututun, na liƙe gefensa. Aikin bai kai sa'a ɗaya ba, kuma har yau bai yi yoyo ba. Fankar tana aiki lafiya lau, sai dai ba mai kunna ta. Mama ta mayar da bokitinta waje, a bayan ginin, can take wanka cikin zana, da sanyi da komai.

Ƙanena yakan kira ya ce, "Yaya, hitar nan tana taimakon ƙafafunta kuwa?"

Sai in ce masa ya tambaye ta. Ita kuma in ya tambaya, cewa take an gode.