Yaya Uwani da Baƙon da Na Bar Mata

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 15 ga watan Yuni, 1999, jim kaɗan bayan la'asar, Allah ya karɓi ran yayata, Malama Uwani Abdulmumini, a gidanta da ke Gyadi-Gyadi, tana da shekara hamsin da takwas. Kwana goma sha bakwai ke nan da soja suka miƙa mulki, gari bai gama murna ba.

Masu zuwa gaisuwa suna cewa hawan jini ne. Haka ne, amma ba a nan maganar ta tsaya ba. Ni Muntaka, ƙaninta, na san inda ciwon ya samo asali, domin da hannuna na rubuta takardar da ta jawo shi.

Yaya, ke kika raine ni tun da Inna ta rasu ina ɗan shekara shida. Shekara talatin kika yi kina koyarwa a firamare, ban taɓa jin wanda ya ce kin zagi ɗansa ba. Ranar da na samu aiki a ma'aikatar gandun daji kika ce in je in yi ta shuka, ko ban ci ba wani zai sha inuwa.

A 1996 aka tura ni kwas ƙasar Japan, na dawo da ɗan itacen da suke kira momiji. Tsawonsa bai wuce taƙi biyu ba, ganyensa kamar tafin hannun jariri. Na yi miki bayanin bonsai, yadda ake renon itace a kasko, ana rage masa saiwa da rassa har ya tsufa bai girma ba. Ni kaina ɗan koyo ne a lokacin. Kika yi dariya kika ce, "Ba inuwa, ba 'ya'ya, ba a miya da ganyensa, shi ka ɗauko tun daga bangon duniya? To, Allah ya ba baƙo haƙurin Kano." Tun daga ranar sunansa ya zama Baƙo.

A watan Oktoba na 1997, ina sakataren ƙungiyar ma'aikata, wasu mutane suka zo gidana a Tarauni da safe cikin fijo marar lamba, suka tafi da ni. Motar ba ta daina zuwa layin ba. Sai ta tsaya gindin dogonyaro, mutanen ciki ba sa fitowa. Maƙwabta suka koma gaida matata Salamatu daga nesa. Ke ce kika zo da rana tsaka, kika wuce ta gaban motar, kika kwashe ta da yara zuwa gidanki. Kaskon kuwa a cinya kika rungumo shi cikin hayis.

A inda aka tsare ni akwai wani gandiroba mai tsoron Allah, wanda ba zan ambaci sunansa ba, da ya yarda ya riƙa kai mana takarda a ɓoye. Takardarki ta farko ba kuka a cikinta. Bayan gaisuwa sai kika rubuta, "Baƙonka ya zubar da komai, ya tsaya tsirara. Ya mutu ne?" Na amsa cewa barcin sanyi yake yi, ki ɗan kankare bawonsa da farce, in kin ga kore yana da rai.

Da haka kika koya. Kika san sai an cusa yatsa a ƙasa an ji ta fara bushewa kafin a ba shi ruwa. Kika gane da kanki cewa ruwan rijiyarki na ƙona masa bakin ganye, kika ware masa na randa wanda ya kwana ya huce. Kin taɓa zuba masa takin kaji, ganye ya yi yaushi, kika rubuto kina neman afuwa kamar kin yi wa mutum laifi. Ban taɓa gaya miki ba, amma takardun nan su suka riƙe mini hankali a ɗakin da ba taga.

Da bazarar 1998 ta matso, na tsorata da zafin Afrilu, na rubuto miki kamar haka: "Ki ɓoye baƙo sosai a watan nan, kada a bar shi a fili. Wayar jan ƙarfe tana cikin akwatina, ki naɗa wa na hagu, ki karkatar da shi a hankali. Babban kuwa kada a sare shi sai lokaci ya yi, zan sanar da ke." Rassa nake nufi. Ban tsaya na karanta ta da idon wani ba.

Wata Alhamis da hantsi mutanen fijon nan suka zo binciken gidanki, suka sami takardar cikin kwalla. Salamatu ta ce shugabansu mutum ne mai taushin murya, da tabo a girarsa ta dama. Ya tambayi ina baƙon yake. Kika kai shi tsakanin randuna, kika ɗaga jiƙaƙƙen buhun da kika yi masa rumfa da shi. Mutumin ya yi murmushi, ya sa aka kifar da kaskon, aka kakkaɓe saiwar ana neman abin da aka binne. Sannan ya ce ki ɗauko mayafi.

Kwana huɗu suka riƙe ki. Kin ce ba wanda ya taɓa jikinki. A kan benci kawai aka zaunar da ke, ba maganin hawan jininki, ana maimaita miki tambaya biyu: wane ne baƙon, kuma wa ke kawo takardu? Ta farko kin amsa da gaskiya, ba su yarda ba. Ta biyu kika ce a zaure kike tsintarsu, kuma ba ki canja ba. A rana ta huɗu kika faɗo daga bencin, ɓarin hagu ya shanye. A ƙofar gida suka sauke ki.

Salamatu ta riga ta naɗe saiwar da jiƙaƙƙen zane. Da kika fara iya zama, kika sa ta kawo tsakuwa da ruɓaɓɓen ganye, ke da hannu ɗaya ita da biyu, kuka mayar da shi kasko. Kika kuma hana a sanar da ni. Wata biyu ban sami takarda ba. Da takardun suka dawo, rubutun Salamatu ne, wai idonki ya yi rauni. Na yarda, domin ina son in yarda.

Sai a watan Maris na bana, da aka sake ni, na gan ki kina jan ƙafa, baki ya karkace. Da na ji labarin na durƙusa gabanki. Kika dafa kaina kika ce, "Tashi, Muntaka. Ni na tambaya, kai ka amsa. Ina laifin?" Wata uku kacal Allah ya ara mana bayan haka.

Ranar sadakar uku, muna zaune a ƙofar gida, wata mota mai ɗauke da tutar jam'iyya ta tsaya. Wani mutum cikin farar shadda ya fito, ya zauna kusa da ni, ya yi miki doguwar addu'a. Da aka shafa sai ya matso, ya rage murya.

"Malam Muntaka, baƙon nan yana nan kuwa?"

Na ɗaga kai, na ga tabon a girarsa.

"Allah ya jiƙan Hajiya," in ji shi. "Mace ce mai riƙon amana. Ka ga har yau ba mu san mai kawo takardun nan ba."

Ya tambayi lafiyar 'ya'yana, kowa da sunansa da makarantarsa, ya miƙo mini hannu. Na ba shi nawa, Yaya, a gaban jama'a, kuma tun ranar nake jin kunyarki. Ana cewa zamani ya canja. Abin da na gani da idona shi ne an canja riga.

Ya Allah, ka jiƙan baiwarka Uwani, ka gafarta mata, ka sa ciwon da ta sha ya zama kankarar zunubi. Ka yalwata kabarinta, ka sauƙaƙa mata tambaya, ka sada ta da iyayenmu a Aljannar Firdausi. Mu da muka rage, ka tsare mu daga sharrin abin da muke gani da wanda ba mu gani, ka kyautata namu ƙarshen.

Ina miƙa ta'aziyyata ga 'ya'yanta, Misbahu da Ummukulthum, da Salamatu wadda ta yi jinyarta, da ɗalibanta na Gyadi-Gyadi da Darmanawa. Allah ya ba mu haƙurin rashi.

Akwai kuma wani bawan Allah da na hango a maƙabarta, ya tsaya can nesa, bai gaisa da kowa ba. Na gane shi, shi ma ya san amanar da Yaya ta riƙe masa. In wannan rubutu ya kai gare ka, gaisuwarka ta iso, Allah ya saka maka da alheri. Amma don Allah kada ka zo gidan.

Muntaka Abdulmumini,
Tarauni, Kano.