Alƙalin Zauren Baffa

Wata ranar Laraba Yaya ya kira ni daga wayar mai shagon caji na bakin titi, ya ce Alƙali ya kwanta, Baffa ya ce in zo da kayan aikina. Lokacin ina koyon gyaran waya a Kano, shekarun nan da waya ta fara shiga hannun kowa. Na ce masa ni fa waya nake gyarawa. Ya ce ai duk ƙarfe ne, ka taho kawai, kati zai ƙare. Ya kashe.

Baffa yayan mahaifina ne, Yaya kuma babban ɗansa. Ƙauyensu na tsakanin Kura da Bunkure, can a wutsiyar wani ƙaramin kanal inda ruwa ke isowa a gajiye. Alƙali kuwa wani akwatin katako ne da ke jingine a zauren Baffa tun kafin a haife ni. Girmansa kamar tagar ɗaki, da gilashi a gaba. A ciki akwai allo mai zanen jan kifi, an kafe shi da ƙananan ƙusoshin tagulla birjik, da wasu furanni na roba masu buɗe baki. Ƙasa ta dama akwai ɗan hannun ƙarfe. Ka danna ka saki, ƙwallon ƙarfe ya tashi sama, ya gangaro yana karo da ƙusoshi, ƙas ƙas ƙas. Yawanci ya wuce ƙasa ya ɓace. In ya faɗa bakin fure, ƙararrawa ta buga, ƙwallaye su zubo cikin faranti.

Wani baƙo ne cikin masu aikin haƙa kanal ya bar wa Baffa shi, lokacin Baffa na yi masa gadi. Ba wanda ya san sunan abin. Aikinsa dai kowa ya sani. Duk rani in za a saki ruwa, manoman layin kanal ɗin nan sai su taru a zauren. Kowa ya harba ƙwallo bi da bi. Wanda ƙararrawa ta fara buga wa, shi ke fara shayar da gonarsa, sai na biye da shi, har a kai ƙarshe. Kafin zuwan akwatin, an ce har sara an taɓa yi da fartanya a kan ruwa. Bayan zuwansa ba mai gardama, don abin ba shi da suruki ba shi da ɗan ɗaki. Shi ya sa suka sa masa Alƙali.

Da na isa na tarar Baffa ya tsufa fiye da yadda na bar shi. Ƙafa ta hana shi zuwa gona, ido ma ya fara hazo. Gonar tana hannun Yaya. Abokan Baffa na da, wasu sun rasu, wasu sun koma gun 'ya'yansu a Madobi da Garun Mallam. Abin da ya rage da ke kawo mutane zaurensa shi ne akwatin nan. Ana saura kwanaki a saki ruwa sai ka ga ana leƙowa, a gaishe shi, a zauna, a kawo masa goro da labarin kasuwa. Shi ke riƙe da gwangwanin ƙwallayen, shi ke miƙa wa kowa nasa, shi ke cewa wane ne ya ci.

"Ɗan birni," ya ce da ni, "in ba ka tashe shi kafin ruwa ya zo ba, to ni da shi mun tafi hutu tare."

Ya yi dariya. Ni ban yi ba.

Na kwantar da akwatin a tabarma na buɗe bayansa. Wari ya buge ni. Duk hanyoyin da ƙwallaye ke bi sun yi baƙi ƙirin, sun yi danƙo.

"Wa ya zuba masa baƙin mai?"

Yaya ya sosa ƙeya. "Da ya fara cijewa ne na ɗan ɗiga masa. Ai ko injin niƙa haka ake yi masa."

"Ɗan ɗigawa? Yaya, wannan ai wanka ka yi masa."

"To injiniya, gyara mu gani."

Ban da man, zanzaro ya yi ɗaki a wata kusurwa. Sifirin da ke harba ƙwallo ya karye. Sannan ga babbar matsalar: ƙwallayen asali suna da ɗan rubutu a jikinsu, amma da yawa sun ɓace cikin shekaru, Yaya ya cike gurbinsu da ƙwallayen boris daga wurin mai gyaran babur. Na boris sun ɗan fi ƙanƙanta. Su ne suka zurara suka toshe wani ɗan ma'auni mai lilo da ke sakin ƙwallaye ya buga ƙararrawa.

Ban san yadda abin yake a asali ba, sai na koma Kano na shiga kafen intanet. Na rubuta siffarsa da ɗan Turancina, akwatin katako mai ƙusoshi da ƙwallayen ƙarfe. Hoto ya riƙa buɗewa daga sama a hankali kamar ana jan labule. Ga shi nan, har furannin. Sunansa pachinko, daga Japan. Na karanta cewa ba a sa masa mai ko kaɗan, kuma sai ya ɗan kishingiɗa baya kaɗan yake aiki daidai. Na ga akwai masu tara tsofaffinsa a ƙasashen waje, amma sai mai kyan jiki, kuma kuɗin kai shi can ma ya fi kuɗinsa. Sannan na ga wani bayanin. A can, jere ake yi da su a manyan ɗakuna, mutane su sayi ƙwallaye su zauna suna harbawa don su ci riba. Injin caca ne.

Na daɗe zaune a gaban kwamfutar har mai kafe ya ce lokacina ya ƙare. A ƙauyen Baffa ba wanda ya taɓa sa ko kwabo a kan akwatin nan. Da na koma, abin da na faɗa masa shi ne ɗan Japan ne, kuma ya girme ni nesa.

"Japan," Baffa ya ce. "Masu babur. Shi ya sa ya yi ƙarko."

Aikin ya ci ni. Na kwance hanyoyin ɗaya bayan ɗaya, ina jera su a tabarma yadda na cire su don kar in rikice. Na wanke da kalanzir da tsohon buroshin haƙori, na shanya. Na ware ƙwallayen, masu rubutu gefe guda, na boris na mayar wa Yaya abinsa. Masu tsatsa na zuba su cikin safa da lallausan yashi na yi ta murzawa har hannuna ya yi ja. Sifiri kuwa na gwada na birkin keke, ya yi ƙarfi, ƙwallo ya riƙa zagayowa ya dawo. A jikin wata matacciyar laima na samu wanda ya yi daidai. Baffa na zaune a kan buzunsa, ba ya ganin abin da nake yi sosai, amma duk ƙarar da ya ji sai ya tambaya.

"Mene ne ya faɗi?"

"Sukudireba ce, Baffa."

"To a dai bi shi a hankali. Ba ya son garaje."

Ranar Juma'a da hantsi na tayar da shi, na sa masa ɓallin katako a ƙasa ya ɗan kwanta baya. Na kama hannun Baffa na ɗora a kan hannun ƙarfen. Ya danna ya saki. Na farko ya wuce, na biyu ya wuce. Can sai ƙararrawa ta buga, ƙwallaye suka zubo. Baffa ya ce Allahu akbar, ya sa aka kawo mini fura da nono mai yawa.

Bayan an sauko daga masallaci zaure ya cika. Labari ya zaga cewa Alƙali ya tashi. Wani tsoho mai noman albasa, abokin wasan Baffa, ya ce a ba shi ya gwada.

"Kai da ko a bara na ƙarshe ka zo?" in ji Baffa. "Hannunka ba albarka."

"Ai kai kake yi masa raɗa da dare. Bana ɗan birni ya wanke masa kunne."

Ana cikin wannan dariya Yaya ya shigo da wani mutum mai jar hula da jaka a hammata. Dillalin tsofaffin kaya ne daga Kano, irin masu bin ƙauyuka suna sayen tsofaffin ƙofofi da tasoshi da agogon bango. Yaya ya daɗe yana son injin ban-ruwa, irin ƙananan nan da suka fara shigowa, ya ji an ce tsohon abu na kuɗi. Ya ce wa Baffa ba sayarwa za a yi ba, a dai ji darajarsa.

Duk wanda ya taɓa ciniki da dillali ya san yadda suke. Abin da ya fi so shi zai fi kushewa. In akuya ce ya ce tana tari, in keke ne ya ce ƙashinsa ya taɓa karyewa. Ba mai jin haushi, don an san hanyar buɗe ciniki ce. Mutumin ya tsuguna ya ƙwanƙwasa katakon. Ya leƙa baya. Na ga idonsa ya yi haske, na san abin ya shige shi.

"Hm. Zanen ya koɗe," ya ce. "Gara ta taɓa nan. Sifirin ma ba nasa ba ne."

"Na laima ne," na ce.

"Ka ji ko. To Alhaji, gaskiya kuɗin gilashi da katako zan iya bayarwa. Don ni ma kasada zan yi. Injin caca ne fa. A wannan zamanin wa zai yarda a gan shi da injin caca a mota?"



"Injin me?" in ji mai albasa.

"Caca mana. Irinsa na taɓa gani a wani kulob a Sabon Gari. Au, ba ku sani ba?"

Shi a ransa ya faɗi abin da zai karya farashi ne kawai, har yana murmushi yana jiran a ce masa albarka. Amma shekarun nan maganar shari'a na da zafi, kowa na kaffa-kaffa da sunansa. Mutanen da ke zauren nan kuma dattawa ne masu sahun gaba. Na ga wani ya ajiye ƙwallon da ke hannunsa a tabarma a hankali, ya goge tafinsa a riga.

Baffa ya ce wa Yaya ya raka baƙonsa. Mutumin ya fita yana cewa zai ɗan ƙara, ba wanda ya amsa masa.

Aka kai maganar gun liman. Liman mutum ne mai sauƙi, shi ma yana da 'yar gona a layin, shi ma ya sha harba ƙwallon. Ya ce ƙuri'a halal ce, ba wanda ya ci haram, tunda ba a taɓa sa dukiya ba. Amma abin da aka ƙera don caca, tunda yanzu an sani, barinsa ya fi kwanciyar rai. Ya ce bana a ja tsinke a ƙofar masallaci.

Na je na same shi ni kaɗai. Na ce Allah gafarta malam, wuƙa ma ai ana yanka rago da ita ana kuma ɓarna da ita. Ya ce haka ne ɗana, amma kai gobe za ka hau mota ka koma birni, mu ne za a riƙa cewa masu rabon ruwa da caca.

Na ƙi komawa birni har ranar da za a saki ruwa. Baffa ya sa an share zaure tun da safe, an shimfiɗa tabarmi kamar kullum. Ya sa farar rigarsa. Muna jin mutane na wucewa ta ƙofar gida zuwa masallaci. Wasu su ɗaga murya su ce Baffa an tashi lafiya, ba tare da sun tsaya ba. Wasu ko hakan babu, sai ƙarar takalmi. Mai albasa kaɗai ya leƙo, ya tsaya daga bakin ƙofa bai cire takalmi ba.

"Ba za ka zo a ja da kai ba?"

"Da wace ƙafar?"

"To bari in je, kar a ba ni na ƙarshe."

Ya tafi. Daga nesa muka ji hayaniya ta ɗan tashi, wani na cewa an nuna wa wane dogon tsinke, sannan ta lafa. Yaya ya wuce da fartanya a kafaɗa, kansa a ƙasa, bai shigo ba.

Rana ta yi sama. Ƙuda na ta yawo a kan tabarmin da ba kowa. Baffa ya juyo da fuskarsa wajena.

"Ɗan nan."

"Na'am, Baffa."

"Kai ka yi boko, ka kuma buɗe cikinsa ka gani. Abin da mutumin nan ya faɗa, haka ne?"

"A can ƙasarsu haka ne, Baffa. A nan kuwa ruwa kuka raba da shi."

Ya jinjina kai. Ya riƙa murza gefen buzunsa da yatsa.

"Da ka bar shi a kwance," ya ce, "da har yanzu suna zuwa tambayar jikinsa."

Sai ya ce in naɗe tabarmin in kai cikin gida, kar kaji su ɓata su. Na naɗe. Da na dawo ya ce in taimaka masa ya juya ya fuskanci ƙofa, ko wani zai biyo ta nan in an gama shayarwa. Na gyara masa zama, na sa masa matashi a baya. Muka zauna har aka kira azahar.