Tsatsar Taragon Kawu

Ana sallame sallar asuba muka bar unguwarmu ta Al Qusais, ni da abokin zamana, mutumin Kumasi. Shi ke tuƙi, ni kuwa na rungume kwali a cinya kamar mai jego.

A cikin kwalin akwai ɗan taragon jirgin ƙasa na dakon gyada, tsawonsa bai wuce tafin hannu ba. Kawuna ne ya ƙera shi a Zariya. Tsohon makanikin reluwe ne, yanzu yanar ido ta rufe masa gani, likita ya ce aiki sai da gaggawa. 'Yan ƙungiyarmu ta 'yan gida mazauna nan suka ce a kai taragon wurin masu tara ƙananan jiragen ƙasa da ke haɗuwa ranar Asabar a wani sito a Jebel Ali. In sun nuna sha'awa, a buga irinsa da yawa a sayar, a yi wa Kawu aikin.

Titin Sheikh Zayed fayau, sai manyan motocin kwantena. Mun tsaya mun sha shayin karak na dirhami ɗaya da gurasar farata, amma ni ban ji ɗanɗanon komai ba. Abokina sai murmushi yake, abin da ban saba gani ba da safe.

Siton ya ba ni mamaki. Dattawa masu furfura, Turawa da Indiyawa da Larabawa, sun duƙufa kan layin dogo mai faɗin yatsa, ba mai tari. A gida da an ce sun taɓu.

Na buɗe kwali. Taragon da Kawu ya shafe wata biyu yana zana masa tsatsa da ƙurar gyada, ga shi kore shar, yana ƙyalli.

"Jiya da kana wurin aiki na gyara shi," in ji abokina. "Haba Malam, ya za mu kai wa manyan mutane kaya da datti?"

Wallahi na so in shaƙe shi. Sai dai mutumin da ya yi don ya fitar da kai kunya, me za ka ce masa?

Dattawan suka dudduba, suka koma kan jiragensu. Wani ma ya ce jikansa zai so shi. Ina shirin rufe kwali, wani dattijo Ba'indiye ya karɓa ya kifa shi. Can ƙarƙashi, inda burushi bai kai ba, tsatsar Kawu na nan. Ya ɗauko gilashi ya daɗe yana kallo, ya yafito sauran. Suka ce koren ba sa so. In hannun da ya yi wannan zai sake yi wa taragon duka irin wannan tsatsar kafin taron wata mai zuwa, za su rubuta sunayensu cikin masu saye.

Hannun yana nan, idon ne ban sani ba.

Har muka dawo gida abokina ko rediyo bai kunna ba. Tafiyar dai ta koya min kada in kankare abin da ban san dalilinsa ba. Bayan la'asar na yi ta maza na kira Zariya.

"Sun ga tsatsar?" Abin da Kawu ya fara tambaya ke nan.

Na ce sun gani, na kwashe komai na faɗa masa.

"To, turo min shi da wuri," ya ce. "Idon hagun yana ɗan gani da hantsi."