Kawu da Tumatur ɗin La'asar

Jiya matata ta kwance buhun busasshen tumatur, ƙamshinsa ya cika tsakar gida. Nan take Kawu ya faɗo mini a rai, shekara biyu ke nan da rasuwarsa.

Ina sabon ango ya ja ni kasuwar Bafarawa. Muna isa da hantsi na nufi masu tumatur, sai ya riƙe mini hannun riga.

"Ina za ka?"

"Za ni sayen kayan miya, Kawu."

"Zamna. Mai tumatur da sahe sarki na, da la'asar ɗan'uwanka na."

Muka zauna gindin dogon yaro, yana ɓare gyaɗa, ni ina ta cika ina batsewa. La'asar na yi, mutumin da ya ƙi ko kallonmu da safe shi ya kira mu, don ba ya son komawa da kaya bisa babur. Kwando guda muka ɗauka da araha, muka yanka, muka shanya.

Bana tumatur ya gagari talaka, amma miyar gidana ja take.

Allah shi jiƙan ka, Kawu, shi sanyaya makwancinka fiye da inuwar nan da ka zaunar da ni.