Daminar da na kife akushin mijina

Shin yafe mini ya yi, ko ciwon ne ya hana shi ko da yin fushi? Har yau ban sani ba. Ban yi lakwal ba, wato makarantar boko, maƙwabciyata ce ke rubuta abin da nake faɗa, ina faɗa ina kuka.

A lokacin ni mace ce mai ƙarfi da kaifin baki, a wani ƙauye kusa da Allakaye. Mijina ɗan goggona ne, manomi, mai barkwanci. Kowane rani yana tafiya bida, neman kuɗi a Abijan. Shekarar da aka karya darajar kuɗin sefa aka dawo mana da shi a ɗaure, yana faɗa da muryoyin da shi kaɗai ke ji. Ƙanensa ya kai shi asibitin mishan, aka ba shi ƙwayoyi, ihun ya tsaya. Kowa ya ce ya warke, ni ma na ce ya warke.

Sai dai mutumin da ya dawo ba ya komai. Ya zauna gindin bango tun hantsi har inuwa ta bar shi, ba zai matsa ba. Ba ya wanka sai na yi masifa. Fuskarsa kamar an shafe ta. Ranar da uwarsa ta rasu aka gaya masa, ya ce to, shi ke nan. Matan rijiya suka fara cewa mahaukaci ai ihu yake yi, wannan lalaci ne, ya samu mace irina mai ɗaukar duwatsu a foroje, aikin raya karkara, tana ciyar da shi. Na ji, kuma na yarda.

Da damina ciyawa ta cinye geronmu, sai na kira gayya. Na dama fura, maza wajen ashirin suka zo da hauyoyinsu. Al'ada ce mai gona ya tarbe su, ya fara kama kunyar noma, ya yi godiya. Na ja shi har gonar. Ya zauna a kan dutse, bai ce wa kowa sannu ba. Wani dattijo ya tambaye ni, cikin dariya, ko sarki na aura ban sanar da su ba. Da muka koma gida na ɗauki akushinsa na kife a gabansa, na rantse duk ranar da bai taɓa hauya ba, ba tuwo. Na ɗauka yunwa za ta tashe shi.

Bai tashi ba. Bai roƙa ba, bai yi ƙorafi ba, bai je gidan ƙanensa ya ci ba. Ɗan furar safe kawai yake sha. Ni kuwa shirun nan na ɗauke shi raini, na ƙara taurin zuciya. Haka muka yi har aka yanke gero. Ya rame, tari ya kama shi.

Da muka mayar da shi asibitin, wata ma'aikaciyar jinya Kirista ta zaunar da ni. Ta ce ihun rabin ciwon ne kawai, sauran rabin ɗauke abu yake yi daga mutum, kuma iri biyu ne. Wani yana ɗauke fuska da harshe, mutum yana ji a ciki amma ba ya fita. Wani yana ɗauke niyya, mutum ya ga abinci, ya ga aiki, ya kasa miƙa hannu. Ta ce nasa duka biyun ne, kuma irinsu a bakin abinci ma sai an tsaya musu. Ta tambaye ni ko yana ci sosai. Na yi mata ƙarya.

Ina jin haushin matan rijiya, da duk wanda ya ce ya warke, amma hannuna ne ya kife akushin. Ku masu irin wannan a gida, kada ku hore shi da yunwa ko da gori. Shirun ma ciwo ne, ku koma wurin likita ku faɗi gaskiya.

Kwana tara ya yi a duniya bayan mun dawo. Ranar ƙarshe da la'asar ina ba shi kunu da ludayi, ina roƙonsa gafara, ya dube ni da fuskar nan da ba ta motsi, ya ce: “Ƴar kawu, ba ƙi na yi ba. Kasawa na yi.”